“Haka Kwamfuta Ta Nuna”: Wa Ya Tsaya wa Mai Shaidar?

Tirela ta hau sikeli a ƙofar wata masana'antar matsar mai a Sharaɗa, direba ya ja birki ya leƙo ta taga. A ɗan ɗakin da ke gefe akawu yana kallon lambobi suna rawa a fuskar kwamfuta har suka tsaya. Ya danna, firinta ta tofo takarda. Bayan an sauke buhunan waken suya za a sake ɗora motar wayam, a cire wannan nauyi daga wancan, abin da ya rage shi za a biya mai kaya. In mai kayan ya ce shi fa lissafin da ya yi a Dawanau ya fi haka, amsar da zai samu ba ta wuce kalma huɗu ba: “Haka kwamfuta ta nuna.” Galibi magana ta ƙare ke nan. Mutumin da zai yi rabin awa yana jayayya da mai awo a kan tiya guda, sai ga shi ya naɗe takarda ya sa a aljihu.

Ita kuwa kwamfutar ba ta ga mota ba, ba ta ga buhu ba. Faɗa mata aka yi. A ƙarƙashin dandamalin da tirelar ta taka akwai wasu dunƙulallun ƙarafa da ke ɗan lanƙwasawa idan nauyi ya hau su, lanƙwasar da ido ba ya gani, su mayar da ita 'yar wutar lantarki mai rauni. Wutar ta bi waya zuwa akwatin da ke nuna lamba. Akwatin ya furta lambar ta wata tsohuwar kafa mai fil tara da ke bin ƙa'idar RS-232, wadda aka fara fitarwa tun 1960, shekarar da Najeriya ta samu 'yancin kai. Kwamfutocin yanzu sun daina zuwa da wannan kafa, sai a sayo ɗan kebul da ke juya maganar zuwa yaren USB. Daga kebul sai wata ƙaramar manhaja da masu gyara ke kira direba, daga ita sai manhajar awo, daga nan sai takarda. Wane daga wane, shi kuma daga wane. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san isnadi in ya gan shi, ya kuma san tambayar da malamai suka shafe ƙarnuka suna yi masa: kowane mai ruwaya ya faɗi sunansa, to amma wa ya san shi, wa ya tsaya masa?

Tambayar ba ta ɗakin sikeli kaɗai ba ce. Bompai ce babbar yaya cikin unguwannin masana'antun Kano, tun zamanin Turawa da dalar gyaɗa. Sharaɗa ta biyo baya kashi-kashi har uku, sai Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso, inda manyan majemu suke, waɗanda warinsu ke tarbar baƙo tun kafin ya hango katanga. Masaƙu da dama sun rufe, amma a masana'antun da suka rage suna juyawa, na roba da na shinkafa da na lemo da na fata, da wuya a rasa 'yar kafar nan ta USB mai kusurwa huɗu. Tana jikin allon sarrafa babban janareta, inda injiniya ke jona laftof ya ga sau nawa inji ya mutu da abin da ya kashe shi. Tana jikin injin zuba roba, inda ake adana saitin kowane mazubi: zafi kaza, matsi kaza, daƙiƙa kaza. Tana jikin na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, wadda a ƙarshen wata ake kwaso bayananta a filash a lissafa wa lebura kwanakin aikinsa.

Kamfanoni bakwai ne suka haɗu suka tsara ta: Compaq, DEC, IBM, Intel, Microsoft, NEC da Nortel, kuma cikin injiniyoyin Intel da suka ja ragamar aikin akwai Ajay Bhatt, haifaffen Indiya. Ƙa'idar farko ta fito a Janairun 1996 da gudun da bai wuce bit miliyan 12 a daƙiƙa ba, ta 2000 ta kai miliyan 480, ta 2008 ta kai biliyan 5. Burinsu shi ne mutum ya soka abu ya kama aiki nan take, ba sai ya kashe kwamfuta ya yi ta fama da saiti ba. Sun kuwa samu.

Tsakanin soka kebul da jin 'yar ƙarar nan ta Windows, hira ce sukutum ake yi. Tsohon kebul na USB wayoyi huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na magana. Da zarar na'ura ta sha wuta sai ta ɗaga ƙarfin lantarki a ɗaya daga wayoyin maganar, sallamarta ke nan, kuma daga wayar da ta zaɓa ake gane mai sauri ce ko mai jan ƙafa. Kwamfuta ta kira ta da lambar sifili, lambar duk wani sabon zuwa, ta yanka mata adireshi nata, ɗaya cikin 127, sannan ta nemi cikakken bayanin ko ita wace ce. Na'urar ta miƙo gabatarwar da ba ta wuce bait 18 ba, a ciki akwai lambar kamfanin da ya ƙera ta da lambar samfurinta. Wasu bayanan su biyo baya: wuta nawa za ta ci, kibod ce ko rumbun ajiya ko firinta. Da waɗannan ne kwamfuta ke nemo direban da ya dace. Shi ma mai rubuta manhajar da za ta yi magana da na'urar da su yake kiranta, ya ce a buɗe masa mai lambar kamfani kaza da samfuri kaza, ko kuma ya bi ta sunan da direba ya raɗa mata, COM3 ko COM4.

Akwai ladabi a hirar. A tsarin asali na'ura ba ta buɗe baki sai an tambaye ta. Ko linzamin kwamfuta, wanda mutum ke ganin kamar shi ke ba da umarni, jira yake: kwamfuta ce ke leƙa shi, sau 125 a daƙiƙa in na gama-gari ne, tana tambaya ko akwai labari. Amsoshin a ƙayyade suke: na karɓa, ba yanzu ba, wannan ba zan iya ba. Zaman kotu ne sak, alƙali ke tambaya, shaida ke amsawa.

An kuma yi tanadi don kada magana ta gurɓace a hanya. Kowane ƙunshin bayani yana tafe da wata lambar lissafi a wutsiyarsa. Mai karɓa ya sake yin lissafin, in bai yi daidai ba ya yi shiru, a sake aikowa. A zauren da manyan injina ke watsa hayaniyar lantarki wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai duk tsantsenin a kan abu ɗaya yake: abin da aka faɗa ya iso yadda aka faɗe shi. Ko gaskiya ne, ko kuma mai faɗar shi ne wanda ya ce shi ne, hirar ba ta taɓo nan ba ko kaɗan. Lambar kamfani sayenta ake yi a wurin ƙungiyar USB-IF a kan dala 6,000, amma babu abin da ke cikin wayar da zai hana wani ya kwafe ta ya sa a nasa kayan kyauta.

Malaman hadisi sun raba waɗannan abubuwa biyu tun da daɗewa. Cikin sharuɗɗa biyar na ingantaccen hadisi da Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya tattara, biyu a kan shi kansa mai ruwayar suke. Ɗaya dabɗi, wato ya riƙe abin da ya ji daram ya isar da shi ba ragi ba ƙari. Ɗayan adala, wato ya zama mai addini da mutunci wanda ba a san shi da ƙarya ba. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Akwai salihan bayin Allah da aka ƙi ruwayarsu saboda rauni na hadda, akwai masu kaifin hadda da aka jefar saboda an kama su da ƙarya. An ruwaito daga Ibnu Sirina, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, cewa da farko ba a tambayar isnadi, sai da fitina ta auku aka fara cewa kowa ya ambaci waɗanda ya ji daga gare su. A ma'aunin waɗannan malamai, na'urar USB mai ruwaya ce da dabɗinta ya kai maƙura, adalarta kuwa ba wanda ya taɓa bincikawa. Wanda ba a san halinsa ba, mafi yawan malamai ba sa kafa hujja da shi.

Wanda ya taɓa sayen filash na bogi ya ga wannan da idonsa. Ana samunsa ko'ina a duniya, kasuwannin kayan waya da kwamfuta na Kano irin su Farm Centre da Beirut Road ma ba su tsira ba, kuma sau da yawa shi kansa mai shagon a haka aka sayar masa. A jiki an rubuta giga 64. An soka, kwamfuta ta nuna giga 64, mai saye ya ce gani ya kori ji. Alhali bai ga komai ba, ji ya yi: kwamfuta ba ta ƙirga ɗakunan ajiya, tambaya take yi, ƙwayar da ke cikin filash ta ba da amsar da aka koya mata a inda aka haɗa ta. Ainihin abin da ke ciki wataƙila giga 8 ne. Kwanakin farko lafiya lau. Ranar da kaya suka wuce takwas ɗin, filash zai ci gaba da cewa na karɓa, na karɓa, yana zubarwa ko yana rubuta sabo a kan tsoho. Sunayen fayil suna nan reras, sai an buɗe a tarar da shirme. In bayanan dangwala yatsa na wata guda ne a ciki, kuma an riga an goge na jikin na'ura, sai a rasa da me za a yi wa leburori lissafi.

Yadda ake kama shi tsohuwar dabara ce. Isma'ilu bin Ayyash, malamin garin Himsa a Sham, ya je Iraƙi aka ce masa ga wani yana ruwaito hadisi daga Khalidu bin Ma'adan. Bai sa shi rantsuwa ba. Tambayarsa ya yi wace shekara ya rubuta daga Khalidu, mutumin ya ce 113. Isma'ilu ya ce to ashe shekara bakwai bayan rasuwarsa ya ji daga gare shi, don a lissafinsa Khalidu ya rasu a 106. Ya auna maganar mutumin da abin da ba daga bakin mutumin ya fito ba. Haka wata 'yar manhaja mai suna H2testw take yi, wadda Harald Bögeholz ya rubuta wa mujallar c't ta Jamus: ba ta tambayar filash girmansa, cika shi take yi da bayanan da ta sani tun daga farko har ƙarshe, sannan ta karanto su ta ga nawa suka dawo. Aikin yakan ci sa'o'i. Mai saye da ke tsaye a bakin shago ba shi da wannan lokaci, kuma da hakan masu jabu suka dogara.

Ƙaryar girma asararta da sauƙi. Ƙaryar jinsi ta fi muni. A watan Agustan 2014, a taron Black Hat na Las Vegas, Karsten Nohl da Jakob Lell daga Balin suka nuna cewa ana iya sake tsara ƙwaƙwalwar filash na gama-gari ya ce shi kibod ne. Kwamfuta kuwa ba ta musu da kibod, don a wurinta hannun maigida ne. Sai filash ya rubuta umarni cikin ƙiftawa da Bismilla. Manhajar kashe ƙwayar cuta da ke bin fayil-fayil ba za ta ga komai ba, tunda ƙaryar ba a fayil take ba, kuma goge filash ɗin ba ya fitar da ita. A wani binciken da aka wallafa a 2016, masana sun yar da filash 297 a harabar Jami'ar Illinois ta Amurka, kusan rabinsu aka tsinta aka soka a kwamfuta aka buɗe. Mafi yawan waɗanda suka amsa tambaya daga baya sun ce mai shi suke nema su mayar masa. Halin kirkinsu ne ya zama ƙofa.

To, kamfanonin nan bakwai ba su da wayo ne? Suna da shi. Tsarin a kan kyautata zato ya ginu, kuma kyautata zato ba wauta ba ce. Masanin falsafa ɗan Sikotilan, Thomas Reid, wanda ya koma koyarwa a Jami'ar Glasgow a 1764, ya kafa hujja cewa Mahalicci ya dasa wa ɗan Adam ɗabi'u biyu masu tafiya tare, ta faɗin gaskiya da ta yarda da abin da aka faɗa masa, kuma ba don su ba da yaro bai koyi komai ba. A fiƙihu ma ra'ayin yana da babban gida. Imamu Abu Hanifa yana ganin alƙali ya wadatu da zahirin adalar Musulmi, ya karɓi shaidarsa ba tone-tone, sai in abokin shari'a ya yi suka, ko kuwa shari'ar ta haddi ce ko ƙisasi. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammadu Shaibani, suka saɓa masa, suka ce a bincika kowane shaida a kowace shari'a, a ɓoye da bayyane. Malaman mazhabar na baya suka ce saɓanin na zamani ne: malamin ya rayu cikin mutanen da gaskiya ta rinjaya, almajiran suka riski lokacin da ƙarya ta yaɗu. A kan maganar almajiran fatawa ta zauna. USB ɗan 1996 ne, lokacin da abin sokawa bai wuce kibod da linzami da firinta ba. Filash ma bai shigo kasuwa ba sai a 2000.

Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na Kano ke bi, ba ta tsaya kan zahiri ba. Shaidan da alƙali bai san adalarsa ba sai an yi masa tazkiyya, adilai biyu su tabbatar cewa abin yarda ne, kuma ba kowa ke tazkiyya ba sai wanda ya daɗe yana cuɗanya da shi. An ruwaito cewa wani ya zo ya tsaya wa wani shaida a gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko harkar kuɗi ta taɓa haɗa su. Duk ya ce a'a. Umar ya ce ashe bai san shi ba. Fataken Hausa a kan irin wannan suka gina kasuwanci mai nisa: wanda ya kai shanu Sabo ta Ibadan yakan ba mahaucin da bai taɓa gani ba bashin dabbobinsa, saboda maigidan da ya sauke shi ya tsaya, in mahauci ya gudu shi zai biya. Mai tsayawa yana da abin asara, shi ya sa maganarsa ke da nauyi.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa a muhallinsa. Da za a ce sai an yi wa kowane linzami tazkiyya kafin ya motsa, da ba a sayar da shi kuɗin kwanon abinci ba. Abin lura shi ne ko Abu Hanifa bai yi wa shari'u kuɗin goro ba: inda za a zubar da jini ko a yanke hannu, ya ce a tona. Zurfin bincike yana bin girman abin da za a rasa. A nan ne USB ya gaza, don bai san girman shari'ar da ke gabansa ba. Kafa ɗaya ce, da ita ake cajin waya, da ita ake sauya saitin injin da ke ciyar da mutum ɗari. Laftof ɗin da injiniya ya saita janareta da shi da safe, shi wani zai jona wa wayarsa da rana don ta ɗan sha caji. Rarrabewar ta koma kan mutane: a keɓe filash guda ga inji kada ya kwana a gidan kowa, a toshe kafofin da ba a buƙata, a saita Windows ta ƙi duk na'urar da ba ta cikin jeri. Ko wannan na ƙarshen ma rabin magani ne, tunda jerin da lambobin nan da ake iya kwafa aka rubuta shi.

Akwai tambaya ta biyu da ta fi wannan zafi: in an kama jabu, wa za a hukunta? Kebul mai juya maganar sikeli yana ɗauke da wata ƙwaya, kuma cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera ta akwai FTDI, wanda hedikwatarsa, ikon Allah, a Glasgow ɗin Reid take. Lambarsa 0403. Masu kwaikwayo suka yi ta ƙera ƙwayoyi masu arha suna sa musu wannan lamba don su ci moriyar direban da kamfanin ya kashe kuɗi ya rubuta. A 2014 kamfanin ya fitar da sabon direba, ya bi ta sabuntawar Windows ya shiga kwamfutoci. In ya gamu da ƙwayar jabu sai ya mayar da lambar samfurinta 0000, daga nan direban da aka saba ba ya ƙara gane ta ko an kai ta wata kwamfutar, sai wanda ya san kan gyara ya mayar mata da lambarta. A watan Oktoba ƙorafi ya cika duniyar injiniyoyi. Da yawansu ba su taɓa sanin akwai jabu a kayansu ba, tunda ƙwayar a cikin wani kaya take wanda aka saya daga wani, shi ma ya saya daga wani. Kamfanin ya janye direban. A farkon 2016 aka ga wani wanda ba ya shafe komai, amma yana cusa saƙon cewa an samu kayan jabu a cikin bayanan da ke wucewa. A ƙaddara wannan saƙo ya faɗa cikin manhajar da ke jiran nauyin mota.

An zalunci kamfanin, babu ja. Algus haramun ne, kuma sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya barranta daga mai algus. Amma malaman hisba sun bi irin wannan mas'ala filla-filla. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya zubar da nonon da aka sirka da ruwa don ladabtar da mai shi. Imamu Malik bai so a zubar ba, ya fi son a yi sadaka da shi, da sharaɗin mai nonon shi ya yi algus ɗin. Wanda aka samu gurɓataccen kaya a hannunsa alhali saye ya yi, ko kyauta aka ba shi, ko gado ya ci, ba a hukunta shi da asarar dukiyarsa, abin da ake tsarewa kawai kada kayan ya isa ga wani a matsayin mai kyau. Hukuncin ma na hukuma ne, ba na ɗan kasuwar da aka kwaikwayi hajarsa ba. A wannan ma'auni, kamfanin da ya sa direbansa ya ƙi aiki da jabu, kamar yadda Prolific na Taiwan ya yi har masu gyara suka saba da 'yar alamar rawaya da Code 10, yana cikin haƙƙinsa, don ba dole ya yi wa ɓarawo hidima ba. Wanda ya miƙa hannu cikin kayan mai saye ya kurumtar da shi kuwa ya wuce gona da iri.

Saura akawu da kalmominsa huɗu. Gaskiya ya faɗa, haka ta nuna. Kebul ya isar da abin da akwatin ya furta ba ragi, akwatin kuma ya furta gwargwadon yadda aka saita shi. In laka ta cushe ƙarƙashin dandamali, ko ɗaya daga ƙarafan ya gaji, ko wani ya taɓa saiti da dare, lambar ƙarya za ta iso da lissafin wutsiyarta daidai. Alƙur'ani ya sa wa sura guda sunan masu tauye awo, da wannan laifi kuma aka ambaci mutanen Annabi Shu'aibu, amma ba a ɗora wa mudu alhaki ba. Na'ura ba mukallafi ba ce, ba ta rantsuwa, ba ta tuba. Adalar da ake nema tana wurin wanda ya saita, da wanda ya sayo kebul, da mai masana'antar da ya san yaushe rabon a ɗora wa sikelin duwatsun gwaji masu sanannen nauyi. Akwai sashen awo da ma'auni a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya wanda gwada sikeli da ba da shaidar ingancinsa ke cikin aikinsa. Mai kaya yana da damar ya tambayi ranar da ke jikin wannan shaida, kamar yadda alƙalin Malikiyya ke yi wa wanda ake ƙara i'izari, ya tambaye shi ko yana da suka kafin a yanke hukunci. Akawun da ya san sikelinsa yana ci, ya laɓe a bayan kwamfuta, shi ya yi shaidar zur.

Masu USB sun ga giɓin. A 2016 suka fitar da ƙa'idar tantancewa ga sabuwar kafar USB-C, a Janairun 2019 suka ƙaddamar da shirin tare da kamfanin DigiCert, ta yadda na'ura za ta nuna hatimin lissafi da ke tabbatar da asalinta. Tazkiyya ce ta zamani. Ba a wajabta ta ba, kuma ba ta shafi tarin tsofaffin kebul da ke cikin jakar masu gyara ba. Ko da ta game ko'ina, taki ɗaya tambayar ta matsa: wa ya tsaya wa hatimin? A watan Yunin 2010 wani ƙaramin kamfani a Belarus, VirusBlokAda, ya gano ƙwayar cutar da aka sa wa suna Stuxnet, wadda aka ƙera don ta rikita na'urorin sarrafa inji na Siemens a cibiyar tace yuraniyam ta Natanz a Iran. Ta filash take tsallakawa zuwa kwamfutocin da ba su da intanet, kuma direbobinta suna ɗauke da hatimin gaske na kamfanin Realtek na Taiwan, wanda aka sace. Ranar 16 ga Yuli kamfanin VeriSign ya soke hatimin. Washegari aka ga wani direban nata da hatimin JMicron, shi ma na Taiwan, aka soke shi ranar 22. Malaman hadisi suna da babin wannan ma, na amintaccen da aka cusa wa abin da ba nasa ba a cikin littafinsa, kamar yadda aka ce marubucin Sufyanu bin Waki'i ya yi masa har ruwayarsa ta faɗi. Sai dai labarin soke hatimi ta intanet yake zuwa. Kwamfutar da ke manne da inji a Bompai ko Challawa, wadda aka raba da intanet don a kare ta, tana iya shekara da shekaru ba ta ji an soke kowa ba, kuma duk abin da zai shige ta, gyara ko cuta, ta filash ɗin da ke aljihun injiniya zai shiga.